Zakokin Fadamar Musiara: labarin gida guda a dajin Masai Mara

A tatsuniyoyin da kakanninmu suke yi mana da dare, zaki sarki ne mai zaman kansa, yana yanke hukunci, dabbobi suna rawar jiki a gabansa. Amma mutanen da suka shafe shekaru suna bin zakoki na gaske safe da yamma sun zo mana da wani labari dabam. Zaki dabba ce mai gida da dangi, kuma zakanya ce ginshiƙin gidan. A wannan fitowa za mu bi gida ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, mu ga yadda yake rayuwa da abin da yake neman rushe shi.

Gandun dajin Masai Mara yana kudu maso yammacin ƙasar Kenya, ya yi iyaka da dajin Serengeti na Tanzaniya, faɗinsa kuwa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,500. A cikinsa akwai wata fadama da ake kira Musiara, wadda ruwanta yake jawo dabbobi ko da rani. A nan wani garken zakoki ya kafa zamansa, har aka laƙaba masa sunan Garken Fadama. Wani Bature mai ɗaukar hoto, Jonathan Scott, ya fara bin su tun 1977, sa'annan daga 1996 zuwa 2008 gidan talabijin na BBC ya riƙa nuna rayuwarsu ga duniya. Da wuya a sami wani garken zakoki da aka san tarihinsa kamar wannan.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ake bambance wannan zaki da wancan? Masu bincike suna duba ɗige-ɗigen da gashin baki yake tsirowa a kansu, domin jerinsu ya sha bamban daga zaki zuwa zaki, kuma ba ya sauyawa har mutuwa. Suna haɗawa da tsagar kunne da tabon faɗa. Da haka ake sanin wace ce ta haifi wace, kamar yadda dattijo yake lissafa zuri'ar gidansu.

Gidan na mata ne

Zakanyun garke ɗaya dangin juna ne: uwa da ƴaƴanta, ƴan'uwa, inna da ƴar ƴar'uwarta. Mafi yawansu a inda aka haife su suke mutuwa, kuma ƙasar da suke farauta a cikinta gado ce daga uwa zuwa ɗiya. Zakanya tana ɗaukar ciki kamar kwana 110, ta haifi ƴaƴa biyu zuwa huɗu a cikin duhuwa, ta ɓoye su wajen mako 6 kafin ta kai su cikin garke. Sau da yawa zakanyu biyu ko uku sukan haihu a lokaci guda, sai su haɗa renon. Ɗan wata yana iya shan nonon wata, kuma in kura ko baƙon zaki ya matso, tare suke tashi masa.

Farauta ma galibi aikinsu ne, da dare ko da asuba. Daga Yuli zuwa Oktoba dajin yakan cika da jakunan dawa da wasu dabbobi masu kama da shanu waɗanda ake kira nyumbu da harshen Sawahili, suna ƙetarowa daga Serengeti da ɗimbin yawa. Wannan shi ne lokacin ƙoshi. Idan baƙin suka koma, sai a koma kan gadu da barewa da ɓauna, ita kuwa ɓauna ba a taɓa ta a kwana lafiya. A 2014 ƙahon ɓauna ya farke kwiɓin wata zakanya ta garken mai suna Siena, tana da ƴaƴa ƙanana, sai da likitocin dabbobi suka sa mata maganin barci suka ɗinke raunin.

Maza baƙi ne

Namiji kuwa, da ya kai shekara 2 zuwa 3 sai a kore shi daga gidan haihuwarsa. Yakan yi yawo da ƴan'uwansa ko da wani abokin wahala, har su yi ƙarfin da za su ƙwace wani garke daga hannun masu shi. Mulkin nasu ba ya daɗewa, sau da yawa shekara 2 ko 3 ne kafin wasu su tumɓuke su. Ranar da sababbin maza suka ci gida, sukan kashe ƙananan ƴaƴan da suka tarar, domin uwayen su koma neman ciki da wuri. Saboda haka rurin da namiji yake yi da dare, wanda ake iya ji daga nisan kilomita 8, gargaɗi ne ga abokan gaba, kuma shi ne katangar ƴaƴansa.

A 2011 wasu maza huɗu suka mamaye Garken Fadama. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Scarface, mai babban tabo a idon dama. Ya rayu har watan Yuni na 2021, ya mutu yana da kamar shekara 14, mutuwar tsufa, abin da zaki namiji ba ya cika samu ba. A tsawon shekarun da aka yi ana bin garken, maza da yawa sun zo sun wuce, zakanyun kuma suna nan a fadamarsu.

Abin da ya faru a Disamba 2015

Masifar da ta fi girgiza gidan daga hannun mutum ta zo. Makiyayan Masai, waɗanda wuraren kiwo suka yi musu ƙaranci, sukan shigar da shanu cikin gandun da dare ko da yake doka ta hana. A farkon Disamba 2015 zakokin suka kashe shanu, sai aka zuba maganin ƙwari na gona a kan mushen saniya aka bar musu. Bibi, tsohuwar zakanya mai kamar shekara 17 wadda masu kallon talabijin suka sani tun tana ƙarama, ta mutu tana kumfa a baki. Siena, wadda ta tsira daga ƙahon ɓauna, ba a sake ganinta da rai ba. Wani matashin zaki da gubar ta raunana, ɓauna suka tattake shi, dole likitoci suka ƙarasa shi. Ungulayen da suka ci mushen su ma sun mutu.

Ba za mu yi saurin zagin makiyayi ba, mu da muka san darajar saniya a gidan talaka: ita ce madarar yara, ita ce sadaki, ita ce asusun ranar wahala. Amma guba ba ta zaɓen mai laifi, kuma akwai hanyoyin da suka fi ta. A Kenya an ga amfanin ƙarfafa shingen garke da waya da itace mai ƙwari. Wani yaro Bamasaye, Richard Turere, ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya da ake jerawa a kewayen garke, zaki ya ɗauka mutum ne yake zagaye da tocila. A yankin Amboseli kuma, tun 2007 ake ɗaukar samarin Masai aikin bin sawun zakoki, su sanar da makiyaya inda suke, su taimaka wajen nemo dabbobin da suka ɓata kafin dare.

A ƙofar gidanmu

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kamar 400 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 suna cikin dazuzzukan W da Arly da Pendjari, inda Nijar da Burkina Faso da Benin suka haɗa iyaka, ƴan kaɗan kuma a Niokolo-Koba na Senegal da Kainji da Yankari na Nijeriya. A 2015 aka sa su cikin jerin dabbobin da suke dab da ƙarewa. Matsalolinsu su ne na Fadamar Musiara: shigar dabbobin kiwo, guba, da farautar naman da suke ci. Rashin tsaro na ƴan shekarun nan ya ƙara wahalar da aikin masu gadin daji.

Garken Fadama ya farfaɗo bayan 2015 saboda an bar wasu uwaye da rai, sun yi reno, ƴaƴansu mata sun gaji fadamar. Zakanyun dajin W su ma abin da suke bukata daga gare mu ke nan: mu tsare dabbobinmu da dare, mu nisanci zuba guba a mushe, mu bar musu naman dawa da za su ciyar da ƴaƴansu.