Idan An Sallame Ka Daga Aiki: Abin da Dokar Ƙwadago Ta Ce

'Yan'uwa, a yawancin ƙauyukanmu da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko 'ya da ke aikin albashi a gari. Wani maigadi ne, wani direba, wata tana shara a asibiti, wani kuma lebura ne a kamfanin gine-gine ko gonar kaji. Da ɗan abin da suke aikowa ake sayen taki, a biya kuɗin makaranta. Ranar da aka ce wa irin wannan ma'aikaci "kada ka dawo gobe", ba shi kaɗai abin ya shafa ba, gida ne gaba ɗaya. Da yawa sukan tattara kayansu su dawo hannu wofi, alhali doka ta ba su hakki. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana waɗannan hakkoki a sauƙaƙe.

Wace doka ce, kuma wa ta shafa?

Babbar dokar ita ce Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974. Ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Manyan ma'aikata masu shugabanci da ƙwararru kuwa, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ake bi. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idodi, kuma dole hukuma ta bi su daki-daki kafin ta kori mutum.

Takardar ɗaukar aiki

Sashe na 7 ya ce kafin wata 3 su cika da fara aiki, dole mai kamfani ya ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikinsa, albashinsa, sa'o'in aiki, hutu, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin a rabu. Ku nemi wannan takarda. Idan ba ku iya karatu ba, a sami mai karanta maku kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa. Kada kuma ku taɓa sa hannu a farar takarda wadda ba a rubuta kome a kanta ba.

Sanarwa kafin sallama

Sashe na 11 ya tsara mafi ƙarancin sanarwa, wato abin da muke kira notis, kamar haka:

Wanda ya yi wata 3 ko ƙasa da haka: kwana 1.
Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba: mako 1.
Wanda ya kai shekara 2 amma bai kai 5 ba: mako 2.
Wanda ya kai shekara 5 ko fiye: wata 1.

Sanarwar mako 1 ko fiye dole ta zama a rubuce, kuma ba a ƙirga ranar da aka miƙa ta. Idan takardar ɗaukar aiki ta ba da lokacin da ya fi wannan tsawo, ita za a bi. In mai kamfani yana so ma'aikaci ya tafi nan take, sai ya biya shi kuɗin kwanakin sanarwar.

Ga misali. Maigadi ya yi shekara 3 yana karɓar Naira 70,000 a wata, aka sallame shi a tsakiyar wata ba sanarwa, ba kuwa wani babban laifi ya yi ba. Yana bin kuɗin kwanakin da ya riga ya yi aiki, kusan Naira 35,000, da kuɗin sanarwar mako 2, shi ma kusan haka. Ke nan wajen Naira 70,000 zai bari a baya idan ya yi fushi ya tafi.

Kora saboda laifi

Akwai bambanci tsakanin sallama da kora. Idan ma'aikaci ya aikata babban laifi kamar sata, zamba, ko ƙin bin umarni da gangan, ana iya korarsa ba tare da sanarwa ba. Amma idan an ɗora wa mutum laifi, kotuna suna duba ko an faɗa masa laifin, an kuma ba shi zarafin kāre kansa. Saboda haka in an ba ka takardar neman ba'asi, kada ka yi shiru. Ka amsa a rubuce cikin ladabi, ka ajiye kwafi.

Akwai dalilan da doka ta hana a sallami mutum a kansu. Ba a korar ma'aikaci domin ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Ba a ba mace sanarwar sallama tana cikin hutun haihuwa. Dokar 2014 kuma ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki domin yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Idan kamfani ne ya rage ma'aikata saboda aiki ya ja baya, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu, a fara da waɗanda suka zo daga baya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama.

Idan kai ne kake son barin aiki

Ba wanda ke da ikon tsare ka a aikin da ba ka so, gama tsarin mulkin ƙasa ya haramta aikin tilas. Sai dai sanarwar nan da muka lissafa ta hau kanka kai ma. Yawancin matasanmu sukan gudu gida da faɗuwar damina ba sallama, daga baya su koma neman ragowar albashi a hana su. Hanyar da ta dace ita ce ka rubuta takardar ajiye aiki da kwanan wata, ka sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka, ka cika kwanakin sanarwa, ka mayar da makullai da kayan aiki a gaban shaida. Idan kuma an matsa maka ka rubuta cewa da son ranka ka ajiye aiki, kada ka yi gaggawa, ka nemi shawara tukuna.

Abin da ke kan mai ɗaukar ma'aikata

Albashi: a biya shi da kuɗi, kada kuma tsakanin biya da biya ya wuce wata 1. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 daga 30,000 na 2019. Wannan bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ko aikin gona na lokaci-lokaci.

Hutu: kwana 1 a kowane mako, aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi bayan wata 12, har kwana 12 a shekara na rashin lafiya idan likita ya ba da takarda.

Haihuwa: mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Wadda ta yi wata 6 a aiki za ta karɓi aƙalla rabin albashinta. Mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a yini.

Rauni a bakin aiki: dokar diyya ta 2010 ta sa masu kamfani su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a hukumar NSITF. Wanda ya ji rauni ya sanar da shugabansa cikin kwana 14.

Fansho: a ƙarƙashin dokar 2014, a kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai kamfani zai zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Kuɗin na ma'aikaci ne ko da ya bar wurin.

Kada mu manta, ikilisiyoyinmu ma suna ɗaukar masu gadi, direbobi da masu shara a makarantu da ɗakunan shan magani. Ya kamata kwamitoci su duba ko kowa yana da takardarsa, ana kuma biyansa a kan kari.

Ina za a kai kuka?

A fara da zama da mai kamfani, tare da wakilin ƙungiya ko wani dattijo mai natsuwa. In ba a daidaita ba, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a manyan biranen jihohi, jami'anta kuma suna sasanta irin wannan. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraron shari'un aiki. Tana zama a Jos, Kaduna, Kano, Yola da wasu garuruwa. Kada a yi jinkiri, kuma a tafi da duk takardun aiki da shaidar biyan albashi.

Domin tattaunawa a zumunta

1. Mutum nawa ne daga ƙauyenmu ke aikin albashi ba tare da takarda ba?
2. Wa za mu zaɓa ya riƙa karanta wa matasa takardunsu kafin su sa hannu?
3. Mu da muke ɗaukar wasu aiki, muna cika namu hakkin?

Muna roƙo a karanta wannan a taron matasa da na zumuntar mata, a kuma aika wa 'ya'yanmu da ke gari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.