Manhajar Haraji a Amurka: Me Ya Sa Na Sauya, Kuma Me Za Ka Kwashe Kafin Ka Bar Taka?

Shirin yau na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, amma na gida ma ku tsaya, don ku san abin da ke hana mu barci duk watan Afrilu.

A nan ƙasar, kai ne za ka zauna ka lissafa harajinka, ka cike fom mai lamba 1040, ka tura wa hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, kafin 15 ga Afrilu. Yawancin jihohi ma suna da nasu fom ɗin daban. Abin da ban mamaki shi ne, wurin aikinka ya riga ya aika wa hukumar takardar albashinka, wadda ake kira W-2. Sun san abin da ka samu, amma kai za ka sake faɗa musu. A wannan tsakanin ne kamfanonin manhaja suka kafa kasuwarsu.

Ni na yi shekaru da manhaja guda, ba zan kama sunanta ba. Lokacin da albashi kawai nake ɗauka, lafiya lau muke. Da na fara tuƙin haya da yamma, aka ba ni takardar 1099 ta masu aikin kansu, sai labari ya sha bamban. Tallar ta ce kyauta ne. Ka shigar da sunanka, da na iyali, da albashi, ka yi awa biyu kana amsa tambayoyi, sai allo ya ce maka wannan fom ɗin ba ya cikin tsarin kyauta, sai ka hau na sama. Ka hau. Sai a ce na jiha kuɗinsa daban. Can kusa da ƙarshe a tambaye ka ko kana so a cire ladan manhajar daga kuɗin da hukuma za ta mayar maka, kamar taimako ake yi maka, alhali shi ma akwai ƙarin caji a kansa. To ka ga dabarar: ba ka ganin cikakken farashi sai ka gaji. Mutumin da ya gama shigar da komai da ƙarfe ɗaya na dare, wallahi biya zai yi ya kwanta.

Kuma kar ku ɗauka ƙorafin mutum ɗaya ne, maganar ta kai gaban hukuma. A 2022 kamfanin Intuit, mai TurboTax, ya amince ya biya dala miliyan 141 a sulhun da ya yi da jihohin Amurka, kan zargin jan mutanen da suka cancanci kyauta zuwa tsarin biya. Shi kuma H&R Block, hukumar kare masu saye ta FTC ta shigar da ƙara a kansa a 2024, cewa idan mutum ya so sauka zuwa tsari mai araha ana goge masa abin da ya shigar. An sasanta a kan dala miliyan 7.

Zaɓi kam akwai. FreeTaxUSA ba ta cajin fom ɗin tarayya, na jiha take caja. Akwai TaxAct, akwai TaxSlayer. Sannan akwai shirin Free File na IRS, wanda a kakar haraji ta 2025 ya shafi duk wanda kuɗin shigarsa bai wuce dala 84,000 ba. Amma a kula, sai ka shiga ta shafin IRS ɗin kansa. Idan ka je shafin kamfani kai tsaye, wata “kyautar” daban za ka tarar.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Abin da ke riƙe mutane a tsohuwar manhaja tsoro ne: duk tarihina yana wajensu, in na tafi fa? Gaskiya abin da kake buƙata bai taka kara ya karya ba.

Kafin komai, sauke kwafin harajinka na baya, aƙalla na shekaru uku, ka adana a kwamfutarka. Yi wannan tun kafin ka buɗe sabuwar. Manhajoji da yawa suna iya karanta kwafin bara su kwashe suna da adireshi da kansu, sai dai ka bi ka duba, musamman lambobin yara.

Sai adadin da ake kira AGI, wato jimillar kuɗin shigarka bayan an cire wasu abubuwa. Yana kan layi na 11 na fom ɗin bara. Da shi hukuma take tabbatar da cewa kai ne ka turo ta intanet. Tsohuwar manhaja tana saka maka shi ba tare da ka sani ba, sabuwar kuwa sai ka rubuta da hannunka. In ya saɓa, za a dawo maka da fom ɗin. Ba tara ba ce, gyarawa za ka yi ka sake turawa, amma wanda ya bari sai daren 15 ga wata zai ji a jikinsa.

Wanda ya fi cin kuɗi a ɓoye shi ne abin da ke biyo ka daga shekarar baya. Misali ka yi asara a hannun jari. Doka ta yarda ka rage dala 3,000 kacal a shekara daga sauran kuɗin shigarka, ragowar ta tsallaka baɗi. Tsohuwar manhaja tana riƙe da wannan lissafin. Sabuwar ba ta sani ba sai ka gaya mata, kuma in ba ka saka ba, babu wanda zai kira ka ya ce ka bar haƙƙinka. Haka lissafin tsufan mota ko gidan haya da ake ragewa shekara-shekara. Masu tuƙi, ku duba ko da mil kuka lissafa bara ko da ainihin abin da kuka kashe, don akwai ƙa'ida a kan sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Abu biyu sun shafe mu mu baƙi musamman. Idan kana da asusun banki a Kano, ko Yamai, ko Kumasi, kuma jimillar abin da ke ciki ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, akwai rahoton FBAR. Wata hukuma ce daban take karɓarsa, FinCEN, ba ya tafiya tare da fom 1040. Kar ka zaci manhaja ta gama maka. Su kuma ɗalibai sabbin zuwa, galibi fom 1040-NR ne nasu, kuma ba kowace manhaja ce take da shi ba. A tambaya kafin a fara.

Sabuwar da na koma fa? Ba ta kai tsohuwar kyan gani ba, kuma ba ta lallashi. Tambayoyinta a tsaye suke, wani lokaci sai na je na karanta bayanin fom ɗin da kaina. Amma na ga farashi tun a shafin farko. Na kuma yi gwaji: na shigar da lissafina a duka biyun, tunda yawanci ba a biya sai za a tura, adadin ya fito daidai da juna. Doka ɗaya suke bi ai. In ka gwada naka ka ga bambanci, to akwai abin da ka saka a ɗaya ba ka saka a ɗayar ba, nemo shi kafin ka tura.

Wanda lokaci ya ƙure masa, fom 4868 yana ba da ƙarin wa'adi zuwa 15 ga Oktoba. Na cike takarda ne kawai fa. Kuɗin da ake bin ka, ranar 15 ga Afrilu ake son su.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.