Sarkoyidoz: cutar da ke yi wa likitoci shigar burtu

A ƙasarmu, idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, sai a ce iska ce ta mare shi, a nufi wurin boka. Sau da yawa matsalar jijiyar fuska ce da ke warkewa cikin ƴan makonni. Amma idan abin ya kama ɓangarorin fuska biyu, ko ya tafi ya dawo, likitoci kan tuna da wata cuta mai suna sarkoyidoz, wadda likitan fata Caesar Boeck na ƙasar Norwe ya bayyana a 1899.

Garkuwar jiki ce ke tara ƙananan ƙulluttai a cikin gaɓoɓi, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Wajen kashi 90 cikin 100 na masu ita, huhu take kamawa. Kashi 5 zuwa 10 kuwa takan kai ga ƙwaƙwalwa, laka ko jijiyoyi, ta jawo ciwon kai mai naci, dushewar gani, farfaɗiya, ko mutuwar ƙafafu. In ta taɓa ƙasan ƙwaƙwalwa, sai ƙishirwa da yawan fitsari, alhali babu sukari a jini.

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci. Akan haɗa hoton IRM na kai da laka, da hoton ƙirji, da ɗibar ruwan ƙashin baya. Mafi ƙarfin shaida shi ne a yanko ɗan nama daga kaluluwa, huhu ko fata a duba.

A nan ne mu ƴan Nijar ya kamata mu yi hattara. Tarin fuka, wanda ya fi ta yawa nesa ba kusa ba a wajenmu, shi ma yana yin ƙulluttai, yana kuma kama ƙwaƙwalwa. Maganin sarkoyidoz kuwa, wato kortizon irin su prednisone, danne garkuwar jiki yake yi. A bai wa mai tarin fuka shi kaɗai, an zuba wa wuta fetur. Haka infliximab, da ake komawa gare shi idan cutar ta yi tsanani, an san shi da tayar da tarin da ke kwance. Shi ya sa ake fara gwajin majina da sauransu kafin a rubuta magani.

Jinyar takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Kortizon na hawar da sukari da jini, yana rage ƙarfin ƙashi, don haka akan haɗa da methotrexate, sau ɗaya a mako, amma ban da mai ciki. Wanda kuma ya ji sauƙi kada ya yanke kortizon kai tsaye. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.