Abin da Farin Dutsen Tsohon Birnin Gwari Ke Ɓoye

Mai haƙar zinari a Tsohon Birnin Gwari farin dutse yake bi, domin a jijiyoyinsa gwal ke kwance, kuma haka ake yi tun haƙar zamanin Turawa a shekarun 1930. Da an niƙa an wanke, sai a watsar da shi. A ganina nan ake tafka asara, domin wannan dutse, da masana ke kira kwaz, yana riƙe da shaidar yadda aka yi ya samu.

Silikon ne da iskar oksijin suka haɗu suka ba da kwaz, amma ba ya fita tsantsa. Yayin da yake ƙanƙarewa, burbushin alminiyum, titaniyum, litiyum da jamaniyum kan maƙale a cikinsa, 'yan ƙalilan cikin miliyan. Gwargwadon zafi, gwargwadon titaniyum, shi ya sa a 2006 masana Wark da Watson suka mai da shi ma'aunin zafi. Kwaz ɗin giranit, wanda ya daskare a wajen digiri 700, ya fi ɗaukarsa. Wanda ruwan zafi na digiri 300 zuwa 400 ya ajiye a tsagogi kuwa, ɗan kaɗan ne. Giranit ɗin da ya daɗe yana tacewa, irin mai ba da kuza, titaniyum ɗinsa kan ragu, jamaniyum ya hau. Ga amfanin wannan a Birnin Gwari: shin giranit ɗin da ya kutso yankin kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce shi ya kawo zinarin, ko ruwan zafin da ya biyo tsagar ƙasar da ake kira Kalangai ne? Amsar ce za ta nuna ko gefen giranit za a bi, ko layin tsagar.

Za a ce awon ba ya nuna gwal kai tsaye. Gaskiya ne, amma yana iya taimakawa wajen raba jijiyar da ke da alamar arziki da wadda ba ta da ita, kuma kowane ramin banza gona ce ta lalace, wani lokaci har da rai. Za a kuma ce na'urar leza da ake awon da ita na da tsada, dajin ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga. To ai ƙwayar da ake aunawa ba ta kai gero ba, ga ta jibge a bakin tsofaffin ramuka. Hukumar binciken ƙasa tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen nazarin duwatsu a Zariya; su tattara samfur daga hannun mahaƙa, su rubuta ramin da kowanne ya fito.