Ko Ƙwayar Bitamin D Tana Maganin Rashin Barci?

Jama'a, magana ta bazu a wayoyin hannu da bakin masu tallar magani cewa duk wanda barci ya ƙaurace wa ya nemi ƙwayar bitamin D. Wasu har sun fara saye. Kafin mutum ya kwance bakin aljihunsa, ya kamata ya san mene ne wannan bitamin, wa yake yi wa amfani, wa kuma zai iya cutarwa.

Aikin bitamin D shi ne taimakon jiki ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Kalsiyam kuwa shi ne sinadarin da ke gina ƙashi da haƙora. Mafi yawan bitamin D jiki ne yake haɗa abinsa. Idan hasken rana ya taɓa fata sai fatar ta soma aikin, hanta da ƙoda su ƙarasa. Kaɗan ne ake samu a abinci, kamar kifi mai maiƙo irin su sardin da titus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta, da man kifi.

To, ina ruwansa da barci? Masu bincike sun auna jinin mutane da yawa, suka ga waɗanda bitamin D ya yi musu ƙaranci sun fi kukan rashin barci. Amma a nan sai a yi hattara. Mai jinya da tsoho da mai ƙiba sukan wuni a ɗaka, rana ba ta taɓa su, kuma dama can barcinsu ba daɗi. Ciwon ne ya hana su barci, ko ƙarancin bitamin? Don a gane, sai aka riƙa raba mutane gida biyu, a ba wasu ƙwayar gaske, a ba wasu wadda ba magani a cikinta. Sakamakon ya rabu. A wasu gwaje-gwajen an ga ɗan sauƙi, a wasu kuwa ba a ga bambanci ba. Shi ya sa likitoci ba su sa bitamin D cikin magungunan barci ba.

Abin da aka tabbatar shi ne, idan ƙarancinsa ya yi tsanani yakan kawo ciwon ƙashi, da ciwon baya da ƙugu, da mutuwar jiki, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Mai irin wannan ciwo ba zai ji daɗin kwanciya ba. Idan aka yi masa magani ciwon ya lafa, barci na iya dawowa.

Manomi ko makiyayi da ke wuni a rana, da wuya ya rasa bitamin D. Waɗanda abin ya fi shafa su ne matan da ba sa fita tsakar rana, da tsofaffin da ke kwance, da jarirai, da masu wuni a cikin shago ko ofis. A shekarar 2020 an tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, aka ga kusan mutum 1 cikin 3 nasa bai kai yadda ake so ba, kuma abin ya fi yawa ga mata da jarirai da mutanen birni. Baƙar fata tana bukatar daɗewa a rana fiye da fara. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aiki, na sanyin safiya ma ba shi da ƙarfi. Mace ta zauna a tsakar gidanta da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, kamar rabin awa, ba ta kashe ko kwabo ba.

Akwai darasi daga Jos. A 1999 aka fitar da sakamakon wani gwaji da likitoci suka yi a can kan yara masu lanƙwasar ƙafa, wato gwame da ƙafar baka. A ƙasashen Turawa rashin bitamin D ne ya saba kawo wannan cuta. A Jos kuwa, yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai, domin abincinsu ne ba shi da isasshen kalsiyam. Ke nan ba kowane maganin da ya yi aiki a Ingila ne ya dace da matsalarmu ba.

Sai maganar kima. A jikin kwalba za a ga lamba da haruffan IU. Baligi yana bukatar kamar IU 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuwa 800. Kada a wuce 4,000 a rana sai da umarnin likita. Akwai kafso mai IU 50,000, wanda likita kan rubuta a sha ɗaya a mako na ɗan lokaci. Wanda ya mayar da shi na kullum ya ɗauko wa kansa ruwan dafa kai, domin bitamin D taruwa yake yi a jiki, ba ya saurin fita. Idan ya yi yawa sai kalsiyam ya cika jini, a soma tashin zuciya, da ƙishirwa, da taurin bayan gida, da yawan fitsari, har tsakuwar ƙoda. Ga shi an sha don barci, an ƙare da zirga-zirgar fitsari cikin dare.

Mai rashin barci ya fara duba abin da ke kusa da shi. Goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin da ke korar barci, kuma bayan awa 5 kusan rabinsa yana nan a jini. Wanda ya ci goro bayan magariba, da shi zai kwanta. Ga sauro, ga zafi, ga tunanin bashi, ga latsa waya a kan gado. Yawan fitsarin dare na iya zama alamar ciwon sukari. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana tafiya da hawan jini.

Idan rashin barci ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, a je asibiti. A faɗa wa malamin asibiti lokacin kwanciya da na tashi, da yawan goro ko shayin da ake sha, da duk inda ke ciwo a jiki. A tafi da kwalaben magungunan da ake sha, musamman idan akwai ƙwayar barci irin su Valium, wadda jiki kan saba da ita har ya kasa rabuwa. In ya ga alamar ƙarancin bitamin D, akwai gwajin jini da ake yi a manyan asibitoci, kuma shi zai faɗi kimar da za a sha da ranar dainawa.