Kalangu a Cikin Kwamfuta: Riba da Asarar Taskokin Sauti

Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da Kaduna a yau babu makaɗi ko ɗaya da ya taɓa ganga a cikinsu. Abin da kunne ke ji guntayen sauti ne da aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaske, aka gyara, aka jera su a kan maɓallan fiyano. Tarin waɗannan guntaye shi ne taskar sauti, kuma wanda ya gyara ta shi ke yanke hukuncin yadda kiɗa zai fito.

Aikin yana da cin rai. Ana ɗaukar kowane amo shi kaɗai, a hankali da kuma da ƙarfi, sannan a datse shirun da ke gabansa. Idan amo ne mai ja, irin na sarewa, sai mai gyara ya nemi wani ɗan yanki a tsakiyarsa da zai riƙa maimaituwa muddin yatsa na kan maɓalli. Ya kuskure wurin haɗin da ƙiris, sai a ji ƙyas-ƙyas a duk zagaye. Daga nan a daidaita tsayin amon, a ba shi mazauninsa.

Abubuwa uku suka yaɗa wannan hanya. Na farko tsarin MIDI na 1983, wanda ya sa na'urorin kamfanoni daban-daban suka fahimci juna, sai General MIDI na 1991 ya tsayar da jerin muryoyi 128. Na biyu arha: na'urar Fairlight da ta fito daga Ostireliya a 1979 sai manyan mawaƙa ke iya sayenta, amma tsarin SoundFont ya kai abin cikin kwamfutar gida a shekarun 1990, yau kuma manhajojin FL Studio da Kontakt suna hannun matasa. Na uku lissafin mai shirya fim: biyan mai fiyano ɗaya ya fi sauƙi a kan ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa.

Ribar a bayyane take. Yaron da bai gaji kiɗa ba, ba shi da ubangida, yana iya haɗa waƙa a ɗaki guda. Waƙoƙin finafinan Hausa sun bunƙasa ne a kan fiyanon Yamaha, kuma dubban mutane na cin abinci da su.

Amma a duba jerin nan na 128. Akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu kukuma. Ɗanɗanon Indiya da ake ji a kiɗan nanaye ba daga son finafinan Indiya kaɗai ya zo ba. Abin da aka tarar a cikin na'ura ma ya taimaka.

Ko an ɗauki sautin kalangun, matsala ba ta ƙare ba. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata bayan gula ta sauka, amo ya hau ko ya gangaro, ya bi karin harshe har a ji kirari. Taskar da aka gyara da gaggawa tana ɗaukar bugu uku ko huɗu tsayayyu, ta jefar da wannan lanƙwasa. Haka goge: ana tilasta masa zama a kan ma'aunin amo goma sha biyu na Turai, alhali zaƙinsa na cikin zamewar yatsa tsakanin amo da amo. Sai a sami kalangu mai ƙara amma ba ya magana. Kunnen da ya tashi da wannan zai saurari makaɗan Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ya ɗauka su ne suka karkace.

Akwai kuma batun haƙƙi. Makaɗin da aka ɗauki hannunsa sau ɗaya, sautinsa na iya shiga ɗaruruwan waƙoƙi yana gida ba gayyata.

Hana fasahar ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maganin ba. Abin yi shi ne masu situdiyo da jami'o'inmu su zauna da gwanayen makaɗa tun suna raye, a ɗauki jimlolin kiɗa cikakku tare da hawa da saukarsu, a bar kowane kayan kiɗa a kan ma'auninsa, a rubuta sunan makaɗi a jikin taskar, a kuma biya shi da yarjejeniya a rubuce. Idan ba mu gina taskar kalangu da kunnenmu ba, wani zai gina ta da nasa, mu saya.