Darussan Jarin Farko: Yadda Alhaji Aliko Ɗangote Ya Soma Kasuwanci A Ikko

A shekarar 1977 wani saurayi ɗan shekara 20, haifaffen Kano, ya karɓi rancen Naira 500,000 daga hannun kawunsa, ya kama sayen kaya da sayarwa a birnin Ikko. Wannan saurayi shi ne Alhaji Aliko Ɗangote, wanda a ran 22 ga watan Mayu, 2023, aka buɗe matatar mansa ta Lekki, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a kowace rana. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai darussa ga duk matashin da ke shirin kafa sana'arsa ta farko.

Darasi na farko shi ne sanin sana'a kafin a taɓa jari. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1965, Aliko ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata, ɗan Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya shahara a fataucin goro da gyaɗa. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda yake sayen kwalin alewa yana sayarwa tun yana makarantar firamare. Ashe ke nan lokacin da kuɗi suka shigo hannunsa, ya riga ya san ciniki, ya san riba, ya san haɗarin ba da bashi.

Na biyu shi ne zaɓen kaya. Bai nemi kayan ƙawa ba, sai ya kama siminti da shinkafa da sukari, abubuwan da mai kuɗi da talaka ba su rabuwa da su. A wancan lokaci kuɗin man fetur sun cika ƙasa, gine-gine sun yawaita, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko. Ribar buhu ɗaya ba ta da yawa, amma kayan ba sa kwana a sito. A ilmin tattalin arziki, jarin da ya juya sau goma a shekara da ƙaramar riba yana iya fin wanda ya juya sau ɗaya da riba mai tsoka.

Na uku shi ne riƙon amana. Kamar yadda ya faɗa a hirarrakinsa, cikin wata uku ya mayar da rancen. Ɗan kasuwar da ya biya bashin farko a kan lokaci ya buɗe wa kansa ƙofar na biyu, domin suna shi ne jinginar wanda ba shi da gida ko fili.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya game da wannan jari. A 1977 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja, saboda haka Naira 500,000 dukiya ce mai yawan gaske, kuma ba kowane matashi ne ke da kawun da zai ba shi ita ba. Wanda ya nufi banki kuwa zai tarar da ruwa mai nauyi, tunda a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Abin koyi a nan shi ne neman jarin farko a wurin da ba zai shaƙe sana'ar ba: dangi, adashi, ko karɓar kaya daga maigida a biya bayan an sayar.

Darasi na huɗu shi ne lura da sauyin zamani. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi ta SFEM, aka soke lasin shigo da kaya, darajar Naira ta faɗi warwas. Duk wanda ya dogara da kayan waje ya gane cewa ribarsa tana hannun farashin Dala. A ƙarshen shekarun 1990 Ɗangote ya juya ga ƙere-ƙere. Ya kafa matatar sukari a Apapa, ya sayi kamfanin siminti na Gboko a 2000, sa'an nan ya gina na Obajana a Jihar Kogi. Irin wannan girgiza ta sake aukuwa a watan Yuni na 2023, sa'ad da aka sakar wa Naira mara, masu shigo da kaya suka ji a jikinsu.

Ba kowace harka ce ta yi masa kyau ba. Masaƙun da ya zuba kuɗi a ciki sun durƙushe tare da sauran masaƙun ƙasar nan, saboda tsadar wuta da kwararowar yadi mai araha daga waje. Abin da ya tsirar da shi shi ne bai tara dukiyarsa a wuri guda ba, kuma bai nace wa abin da ya daina biya ba.

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Matashin da ya koyi sana'a a hannun na gaba, ya rubuta shige da ficen kuɗinsa, ya raba aljihunsa da na kanti, ya kuma cika alkawari, to, ya kama hanya, ko da jarinsa bai wuce buhu goma ba.